Faya-fayan Dikko a Rana

Dikko taubashina ne. Shi ɗan Kawu Abdulhamidu na Kebbe ne, ni Ma'u 'yar ƙanwar Kawun ce, saboda haka tun muna yara nake da damar tsokanarsa, kuma ban taɓa ɗaga masa ƙafa ba sai da ƙasa ta rufe masa ido. Yanzu da ba ya nan, jikokin gidan kan tambaye ni dalilin da ya sa duk ƙarshen damina, idan an fito da littattafai shanya, ake jera waɗansu baƙaƙen robobi lanƙwasassu kusa da littafin kakanmu. Ni kaɗai na rage wadda ta ga abin tun daga farkonsa, kuma har yau idan na tuna raina yakan ɓaci.

Dikko ɗan fari ne, kuma a gidansu ana yi wa ɗan fari kunya irin wadda ba ta da sauƙi. Kawu bai taɓa kama sunansa ba. Ba ya zama da shi, ba ya yaba masa, ba ya ma yi masa faɗa kai tsaye. Yana yaro "wancan" ake ce masa, da ya girma ya kama aiki ya koma "mutumen Tambuwal". Idan uban yana da magana, ni ake kira, ko da ɗan yana tsugune a gabansa, sai a ce, Ma'u, gaya masa kaza. Ni kuwa sai in juya in gaya masa, har da ƙarin gishiri. Mutane na ganin wannan kunya ado ce. Ni da na yi shekaru ina dakon magana tsakanin uba da ɗa, ban ga adon ba.

Gidan malamai ne tun kaka da kakanni, kuma abin tinƙahonsu shi ne hannu, wato kyan rubutu. Kakanmu Malam Atiku ya bar wani sharhi mai kauri a kan ibada da zaman tare, da hannunsa ya rubuta, warƙa-warƙa ba ɗinki, a cikin gafakar fata. Da shi Kawu yake karantar da manyan ɗalibansa a zaure. Dikko yana da kai, karatu ba ya ba shi wuya, amma Allah bai ba shi hannu ba. Rubutunsa kamar kaji sun yi tono. Ina nan ranar da Kawu ya ɗauki allonsa, ya duba, ya jingine shi a bango. Da aka zo neman yaran da za a sa makarantar boko, ba a yi dogon shawara ba a kan wanda gidan zai bayar.

Bokon ya karɓe shi. A shekarun da kuɗin man fetur ke yawo ya gama makaranta, ya koyi buga tafireta, ya sami aikin akawu a wani ofishin aikin gona da aka buɗe a Tambuwal. Ya sayi babur, ya auri Mu'minatu, ya bar ta a gidan Kebbe, yana zuwa duk ƙarshen mako a kan hanyar nan da ke karya ƙugu. Ni ma a Tambuwal nake koyarwa, sau da yawa shi ke goya ni. A wurin Kawu dai duk wannan aikin gwamnati ne, abin ci da iyali. Ba ya zaginsa, ba ya kuma lissafa shi cikin ilimi.

Wajen farkon shekarun casa'in, lokacin da daɗin man ya riga ya zama labari, aka kawo wa ofishinsu kwamfuta guda. Wani akwati ne mai ruwan toka da ɗan talabijin a kansa, rubutunsa kore. Ba ta ajiye komai a cikinta, duk abin da za ta yi sai an zura mata faifai, wani baƙin abu mai laushi mai kusurwa huɗu, faɗinsa kamar tafin hannu a buɗe. Manyan ofishin suka yi kwana biyu suna ɗaukar hoto da ita, sannan suka bar wa Dikko. Shi kuwa ya faɗa mata kamar wanda aka yi wa asiri. A cikin faya-fayan da suka zo da ita akwai guda mai ɗauke da furogiram, abin da yaran yanzu ke kira manhaja, wanda ke rubuta Larabci. Ranar da ya gano haka ya zo har ajina ya fito da ni, wai in zo in ga baƙaƙe a miƙe, kowane alif daidai da ɗan'uwansa. Na ce masa to madalla, kaza ta sami mai yi mata tono.

A daidai wannan lokaci idon Kawu ya fara ja da baya. An kai shi Sakkwato an yanko tabarau, bai yi wani amfani ba. Tawadar kakanmu ta koɗe, takardar ta yi ja, baƙaƙen ƙanana. Sai ka ga Kawu ya kai warƙa har bakin hancinsa, sannan ya ce wa wani ɗalibi ya karanta wai don a ji ko ya iya. Kowa ya gane, ba wanda ya nuna. Mutumin da ya yi shekaru ana zuwa daga Sanyinna da ƙauyukan kewaye don a ji ya buɗe littafin ubansa, ga shi littafin na neman rufe masa. An gwada injin hoton takarda, ya fito baƙi ƙirin.

Dikko ya ƙudura zai buga littafin gaba ɗaya da manyan baƙaƙe, yadda Kawu zai karanta da idonsa. Na ce masa ga hanya mai sauƙi, a sami ɗalibi mai hannu ya kwafe da babban alƙalami. Ya ce hakan tamkar shela ce a zaure cewa Malam ya makance. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. So yake rubutun da zai mayar wa ubansa da littafinsa ya fito daga hannunsa shi, wanda aka jingine wa allo. Na gane haka, na kuma gaya masa na gane, ya yi dariya ya ce bakina ya fi ƙarfina.

Ni ce mai satar warƙa. Duk Asabar in zare 'yan kaɗan daga gafaka, in mayar da na makon jiya. Kawu ya san nauyin littafinsa kamar yadda uwa ta san nauyin ɗanta, amma bai taɓa tambaya ba. Dikko na bugawa a lokacin da aikin ofis ya lafa, yana adanawa a faya-fayai. Matsalar ta fito ne da ya zo fitarwa a takarda. Firinta, na'urar fitar da rubutun, ta yi ta ƙara kamar ana tsaga atamfa, ta fito da baƙaƙe ƙanana, ba su fi na kakanmu ba. Ya duba ko'ina a furogiram ɗin, babu wurin ƙara girma. Kamfanin da ya kawo na'urar kuwa ya nannaɗe tabarmarsa tun da kwangila ta ƙafe, ba wanda za a tambaya.

Ya ce mini girman baƙin wata 'yar lamba ce kawai a cikin cikin furogiram ɗin, idan ya same ta ya canza, shi ke nan. Na ce to ka canza mana. A nan ya zaunar da ni ya yi mini karatun da har yau ban manta ba. Masu abin sun matse shi ne don ya shiga faifai guda, kamar yadda ake danna kaya a buhu. Bayan sun matse, sai suka hargitsa shi da gangan, yadda duk wanda ya leƙa ba zai ga komai ba sai shirme. Amma na'ura ba ta aiki da shirme. Saboda haka a bakin furogiram ɗin akwai wani ɗan guntu, Dikko na kiransa mai gadi, wanda idan an kunna shi ne ke fara tashi, ya warware hargitsin, ya zazzage buhun a cikin ƙwaƙwalwar na'ura, sannan aiki ya fara. Da an kashe, komai ya ɓace, a faifai kuma yana nan a ƙulle yadda yake.

Dabarar ita ce ya bi mai gadin a baya, taki bayan taki, da wani ɗan furogiram na bincike da ya zo tare da na'urar, har lokacin da ya gama buɗewa, kafin aiki ya fara. A nan zai tsayar da komai ya kwashe abin a buɗe zuwa sabon faifai. Sai dai mai gadin ba wawa ba ne. Yana auna lokaci, idan ya ji tafiyar ta yi nauyi ya san ana bin sa, sai ya sandarar da na'urar, dole a kashe a sake daga farko. Dikko ya ce kamar bushiya ce, ba ta miƙewa sai ta tabbata ba mai kallonta. Ga wuta da ba ta zama, ga janareta da ba a tayarwa sai oga na nan. Sau nawa ya kai bakin gaci wuta ta ɗauke, ni kaina na daina tambaya.

Damina biyu ya yi yana wannan fama. Ya rame, idonsa ya yi ja, Mu'minatu ta yi ta kawo mini ƙara wai ko a Kebbe yake hankalinsa na Tambuwal. Ya gano wurin da mai gadin ke duba agogo, ya koyi tsallake shi. Ya tarar da wani ƙullin a ƙarƙashin na farko, ya warware. Da ya kwashe abin a buɗe kuma ya ƙi tashi, sai da ya gina masa sabon kai, wato ɗan bayanin da ke gaya wa na'ura inda za ta fara. Ni dai ina tsokanarsa ina cewa mai gadin ya fi shi wayo, amma a raina tsoro nake ji, domin kowane wata warƙar na ƙara matsowa kusa da hancin Kawu.

Wata Alhamis da hantsi, ana gab da ɗaukewar ruwa, ya sami lambar. Ya canza ta, firinta ta ja, shafin farko na littafin kakanmu ya fito da baƙaƙe manya, baƙi wuluk, kowanne kamar ɗan yatsa. Shafin bai gama fita ba ribin ɗin tawada ya fara dusashewa, na biyu ya fito fari. Shafi guda ke nan a hannu.

Ranar Asabar bayan an tashi karatu na shiga zaure na ajiye takardar a kan buzun Kawu. Dikko na tsugune a bakin ƙofa. Kawu ya ɗaga ta, bai kai ta hanci ba, ya riƙe ta nesa kamar yadda yake yi muna yara. Ya karanta a bayyane tun daga bisimilla har ƙasa, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

"Wanga rubutu, wa yay yi shi?" ya tambaye ni.

"Mutumen Tambuwal na, Kawu."

"To," in ji shi. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya shiga tambayata ciwon ƙafar mahaifiyata.

Na fito ina huci. Damina biyu, a ce "to"? Dikko kuwa har kunnensa murmushi yake, wai ba ki ga aljihun ƙirji ya sa ta ba.

A makon nan aka fara raɗe-raɗin za a rufe ofishinsu a kwashe kaya. Dikko ya ji tsoron kada a haɗa da faya-fayansa, sai ya tattara su duka a akwatin roba guda, na asali da wanda ya buɗe da kwafinsa da waɗanda littafin ke ciki, ya kai Kebbe ya ba Mu'minatu ajiya. Ya wuce Sakkwato neman ribin da takarda. Ya yi kwafi, ba a ce bai yi ba, amma duk a akwati ɗaya suke kwana.

A gidan Kawu akwai al'ada, idan ruwa ya ɗauke aka sami rana mai ƙarfi, sai a fito da littattafai duka a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, a buɗe gafakoki, a turara su, a bar su su sha rana saboda danshi da gara. Ba kowace takarda ake fitarwa ba. Takardun makarantar boko da na asibiti ba su taɓa hawa tabarmar nan ba. Abin da Kawu ya yarda ilimi ne kaɗai ke fita, kuma shi da kansa yake jerawa.

Ranar da Dikko ya dawo ya biya ta Tambuwal ya ɗauke ni, ribin da damin takarda ɗaure a bayan babur, muna tafe yana lissafin zai gama buga littafin kafin a kwashe na'urar. Mun isa Kebbe bayan azahar, rana kamar ta fasa kai. Muna shiga muka tarar an yi shanya. Ga littafin kakanmu a kan tabarma ta gaba. Kusa da shi kuma, a kan murfin akwatin ƙarfe, ga faya-fayan Dikko a jere, an zare kowanne daga rigarsa ta takarda. Daga baya Mu'minatu ta gaya mini tun da hantsi Kawu ya aiko a karɓo "littattafan mutumen Tambuwal", ita kuwa wace ce da za ta hana suruki, balle ma ba ta san rana na yi musu illa ba. Shi ya turara su ɗaya bayan ɗaya, ya shafe 'yar tagar kowanne, inda na'ura ke karantawa, da babban yatsa, ya ce a kawo murfin ƙarfe don kada su taɓa ƙasa. Ko ni da ban san kan abin ba na ga sun fara lanƙwashewa kamar fatar da aka manta a rana.

Dikko ya tsaya cak. Sannan ya tuɓe takalmi, ya tsuguna ya yi gaisuwa. Kawu na zaune a inuwa, bai dube shi ba, ni ya duba.

"Ma'u, gaya mai na ga nashi ba su taɓa shan rana ba. Littafi in ba a shanya shi, gara ka cinye shi."

Ban iya juyawa na maimaita ba. Dikko ne ya amsa, kansa a ƙasa.

"Allah shi saka da alheri, Baba."

Na matsa kusa da shi na mintsine shi, na ce a hankali ya tashi ya kwashe, wataƙila na gefe ba su gama lalacewa ba. Ya girgiza kai. A gidan ba a ɗauke littafi daga shanya sai la'asar, kuma na kaka ake fara ɗauka. Idan ya kwashe nasa yanzu, ya mayar wa ubansa da kyautarsa ke nan a gaban mutane. Haka muka zauna, ni da shi, muna kallon murfin nan yana ƙuna har aka kira salla. Ban taɓa jin tsawon yini irin wannan ba, kuma ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa lokaci guda kamar ranar ba.

Ranar Litinin na'ura ta ƙi su duka. Ta yi gurnani, ta yi shiru. Ya tsaga rigunansu na roba ya mayar da siraran faya-fayan ciki a sababbi, ya danne wasu a ƙarƙashin littattafai ko za su miƙe. Ya tsamo 'yan guntayen abin da ya buga, amma furogiram ɗin, na asali da buɗaɗɗen, sun tafi. Ya nemi wani a Sakkwato, ya je Kano, ya je Kaduna, bai dace ba. Kafin sanyi ya fita aka zo da mota aka ɗauke kwamfutar.

Na ce masa ya gaya wa Kawu gaskiya, ko ni in gaya masa, sannan a nemi mai hannu ya kwafe tun ido na gani. Ya hana ni, har da haɗa ni da Allah.

"Ma'u, tun da anka haife ni, sau guda yac ce abin da nika yi littafi na. In tafi in ce mai shi yal lalata shi?"

Na rufe maganar, kuma rufewar nan ba ta amfani kowa ba. Bayan 'yan shekaru kwamfutoci suka yawaita, waɗanda da dannawa ɗaya baƙi zai cika shafi. Lokacin Kawu ba ya bambance komai sai haske da duhu. Shafin nan guda ya karanta har ya yage a wurin ninki, bayan idon ya tafi ma yakan fito da shi ya shafa. Bai taɓa tambayar ina sauran ba. Wannan ne ya sa nake zaton ya gane. Mutum mai kaifin hankali irinsa, ya ga an kawo shafi ɗaya an yi shiru tun ranar shanya, ba sai an gaya masa ba. Shi yana kunyar tambaya, ɗan yana kunyar faɗa, kowanne yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, littafin kuma yana rufe a gafaka.

Dikko ya buɗe ɗan shago a bakin kasuwar Tambuwal, yana buga katin aure da takardun neman aiki, da shi ya riƙe iyalinsa. Mutum ne mai fara'a, kowa nasa. Amma bai sake bin wani mai gadi ba. Idan matasa suka kawo masa furogiram a ƙulle, sai ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan lambobi.

A ciwon ajalin Kawu ina zaune kusa da shi da rana, Dikko yana Tambuwal wurin aiki. Ya laluba aljihu ya miƙo mini shafin, ya ce a sa shi a saman littafin kaka. Sannan ya ce, "Littattafan Dikko, kak a bar shanya su." Washegari ya rasu. Bayan an share makoki na gaya wa Dikko saƙon. Bai tambaye ni komai game da shanyar ba.

"Dikko yac ce? Da bakinai?"

Na ce da bakinsa. Ya sa na maimaita masa maganar yadda aka faɗe ta, na maimaita. Tun daga shekarar, duk ɗaukewar ruwa shi da kansa yake ɗauko murfin ƙarfen, ya turara faya-fayan, ya jera su kusa da littafin kakanmu, ya koma inuwa ya zauna har la'asar. Ko sau ɗaya ban tsokane shi a kan wannan ba.